Kowa Sai Ya Taka Fili

Yayana gajere ne. Gara in faɗa tun da wuri, domin duk wanda ya ji an ce kocin ƙwallon kwando ne sai ya ɗaga kai sama yana nemansa, alhali ga shi nan tsaye daidai kafaɗarsa. Ni ce autar gidanmu, kuma na fi shi tsawo da yatsa biyu. Har yau bai yarda ba, wai ɗaurin ɗankwali ne yake ƙara mini.

Tela ce ni, ɗinki ne kuma ya jefa ni cikin harkar wasan nan da ban taɓa ƙauna ba. Sama da shekara ashirin ke nan ni nake ɗinka lambobin rigunan 'yan wasansa, riga goma sha biyu duk shekara. Don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, a bayan bencinsa nake zama da jakar zare da allura a cinyata.

Yaya ya yi shekara huɗu a ƙungiyar makarantarsu ta sakandare. Bai taɓa fashin atisaye ba. Shi ke fara zuwa, shi ke busa ƙwallo, shi ke share fili idan an yi ruwa. Amma ranar wasa, wurinsa ƙarshen benci, kusa da bokitin ruwan sha. Lokacin ina 'yar firamare, ni nake wanke masa rigar wasa, Mama kuma takan leƙo ta ce, "Auta, daina ɓarnar sabulu, rigar da ba ta ga gumi ba, kaɗe ta kawai ki rataye." Muna dariya, shi ma yana dariya, sai daga baya na gane cewa tasa dariyar ta dole ce.

Ranar wasansa na ƙarshe duk gidan muka je, har Baba ya rufe shago. Suna gaba da maki kusan talatin, ko akuya aka sa a filin ba za a ci su ba. Kocinsu bai ko waiwayo ba. Aka busa usur ɗin tashi Yaya yana zaune, hannu a kan gwiwa, takalminsa a ɗaure tamau. Ya dawo gida ya shige ɗaki, abincin ma sai washegari ya taɓa. Kocin nan ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, amma ni dai ban gama hucewa ba.

Abu ɗaya zaman bencin ya yi masa: ya koya masa kallo. Yaya zai kalli ɗan wasa minti biyu ya gaya maka ƙafar da yake jin tsoron dogarawa a kanta, da hannun da ba ya iya juya ƙwallo da shi. Da ya gama sakandare ya tafi kwalejin horon malamai ya karanci motsa jiki, aka tura shi wata makarantar maza a gefen gari. Filinsu siminti ne da ya tsattsage, ciyawa ta fito ta tsagun, kwando ɗaya ya sunkuyar da kai, ɗayan babu raga. Ni na saƙa musu ragar farko da igiyar shanya.

Ranar da ya fara aiki ya tara yaran ya kafa musu doka ɗaya. Duk wanda ya zo atisaye bai yi fashi ba, har aka ba shi riga ranar wasa, to sai ya taka fili, ko da minti ɗaya ne, ko ana ci ko ana cin su. Don kada zafin wasa ya mantar da shi, ya zo shagona ya ɗebi maɓallai goma sha biyu. Yakan zuba su a aljihun dama. Duk yaron da ya shiga, sai ya mayar da maɓalli ɗaya aljihun hagu, kuma ba ya yarda a tashi wasa da sauran ko ɗaya a dama. Na sha ƙara wa wandunansa zurfin aljihu saboda abin nan.

Shekarun farko kashi suka riƙa sha, ba kaɗan ba. Shugaban makarantar ya kira shi ofis ya fi a ƙirga, iyaye suna cewa malamin nan ba ya son nasara. Akwai wani yaro da ya zo musu daga baya, dogo siriri, ƙwallo ta fi sauka a fuskarsa fiye da hannunsa. Yaya ya sa shi a wani wasa mai zafi, yaron ya karɓi ƙwallo ya miƙa wa abokin hamayya da ladabi, aka ci su. A hanyar gida na ce, "Yaya, wannan ai falwaya ce, tsayi kawai, sai dai a rataya mata waya." Sunan ya bi shi har yau. Yaya ya ce in ba shi shekara biyu. Kafin Falwaya ya gama makarantar babu mai tsayawa gabansa a ƙarƙashin kwando, har jami'a ta ɗauke shi da tallafin karatu.

A hankali dokar ta fara biyan sa. Sauran makarantu da mutum biyar ko shida suke wasa, kafin zango na huɗu, na ƙarshen wasa, harshensu ya fito. Yaya kuwa goma sha biyu gare shi, kowanne ya san zafin fili, babu mai rawar ƙafa in an kira shi. Ya ci kofin makarantun sakandare sau uku a jere. Shugaban makarantar da ya riƙa yi masa faɗa shi ne ya koma shiga tsakiyar hoto yana rungume da kofi.

Yana shekara ta goma sha huɗu a wurin jami'a ta aiko masa. Daraktan wasanninta ya karɓe shi a wani ofis mai sanyi, da kabad ɗin gilashi mai kofi ɗaya tal da ya dusashe. Ya yi masa magana a fili. Gwaji ne na shekara ɗaya. In ya kai su wasan ƙarshe na gasar jami'o'i, a tabbatar masa da aiki. In bai kai ba, a yi sallama. Sannan ya ƙara da cewa, "Na ji labarin dokar nan taka. Ta yara ce, Koci. Nan ba gidan raino ba ne, ka ajiye ta a bakin ƙofa." Yaya ya ce, "Za mu yi ƙoƙari, ranka ya daɗe." Wannan ita ce amsarsa idan ba ya nufin yin abu.

Ya ajiye aikin sakandare, ya kwashe matarsa da 'ya'yansa uku suka koma gidan ma'aikata a cikin jami'a, gida mai famfo a kicin da bishiya a tsakar gida. Yaran suka shiga makarantar 'ya'yan malamai. Ni kuwa na ishi kowa a layinmu. Ko tsagewar wando mutum ya kawo, sai ya ji cewa yayana yana koyarwa a jami'a kafin in zura zare.

A can ya tarar da Falwaya, yana aji uku, shi ne kyaftin. Ya kuma tarar da na goma sha biyunsa, wani ɗalibin haɗa magunguna da ake kira Tabarau, saboda gilashinsa mai kauri da na ɗinka wa roba don kada ya faɗi. Yaro ne mai hankali, ba ya fashi, ya haddace duk tsarin wasa fiye da kowa. Ƙafa ce dai Allah bai ba shi ba. Idan ya ɗauki gudu, sai ka ji kamar ka sauka ka tura shi.

Duk tsawon gasar Yaya dabara ya riƙa yi. Da zarar sun ba da tazara mai kyau sai ya zura masu rauni ɗaya bayan ɗaya, kafin a ankara aljihun dama ya zama fanko. Darakta yana gani daga kujerarsa ta sama, amma tunda ana ci, bai ce uffan ba. Haka suka lallaɓa har wasan kusa da na ƙarshe, wanda daga shi sai takardar tabbatar da aiki.

Ranar Asabar ce da la'asar, a zauren wasannin jami'ar. Wurin ya cika har matakala, fankoki suna juyawa a banza, takalma suna ƙara a kan katako. Ni da matar Yaya muna layin farko a bayan benci. Tun daga farawa wasan ya ƙi ba da tazara. Mu ci biyu, su ci biyu. Mu wuce da uku, su kamo. Yaya ya yi ta canji da taka-tsantsan, har aka je hutun rabin lokaci mutum tara sun shiga. A zango na uku ya samu ya zura biyu. Saura Tabarau.

Zango na huɗu ya zo, minti goma suka koma biyar, biyar suka koma biyu. Ina kallon hannun Yaya a cikin aljihun dama yana murza maɓallin nan guda, amma idonsa bai ko kusanci ƙarshen benci ba. Na san yayana. Idan ya ƙi kallon wuri, to ya yanke shawara ne yana jin kunyarta. Kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. A zuciyata ina cewa, yawwa Yaya, yau dai ka yi hankali, ka rufa wa iyalinka asiri.

Saura daƙiƙa hamsin, muna gaba da maki ɗaya, ƙwallo a hannunsu, Yaya ya nemi ɗan hutu. Yara suka kewaye shi, ya durƙusa yana zana musu tsari a ɗan allonsa da mutum biyar ɗin da ke ciki. Sai Falwaya, ɗaya daga cikin biyar ɗin, ya ja da baya ya zauna a benci, ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa.

Yaya ya ɗago ya ce, "Kai, me kake yi?"

"Ƙafata ce, Koci."

"Wace ƙafar?"

"Duk wadda ka zaɓa."

Yaya ya dube shi. Ya juya ga mai bi wa Falwaya a tsawo ya ce, "Tashi ka shiga." Wannan ma ya sunkuya ya ja igiyar takalminsa. Ya nuna na kusa da shi, shi ma haka. Kafin ya nuna na gaba, duk sun sunkuya. Mutum shida a jere, ban da Falwaya, har da wani sarkin zumuɗi da ya cire safa ya ninke ta. Mutum ɗaya ne kawai ya rage a bencin da takalmi a ɗaure.

Tabarau ya rikice ya ce, "Don Allah ku bari. Wallahi ni na yafe, ba sai na shiga ba."

Falwaya ya ce, "Dokar ba taka ba ce balle ka yafe."

Ni ban san lokacin da na miƙe ba. Na daka musu tsawa, "Ku ji tsoron Allah, 'yan nema! 'Ya'yansa uku!" Matar Yaya ta riƙo mini mayafi ta zaunar da ni, ita da ya kamata ta fi ni ihu.

Alƙalin wasa ya busa usur yana kiran su. Yaya ya miƙe a hankali, ya zaro hannu daga aljihun dama ya zura a na hagu. Ya kamo Tabarau ta gaban riga ya jawo kansa ƙasa, ya yi masa magana kamar yadda yake yi wa kowane ɗan wasa. "Mai lamba bakwai ɗinsu kullum dama yake bi. Tare masa dama, kada ka yi tsalle. In ƙwallo ta zo maka, duba kusurwa. Je ka."

Kuma ya tare. Na rantse ya tare, mai lamba bakwai ya nemi hanya ya rasa. Sai ya cilla wa dogonsu da ke ƙarƙashin kwando, daidai inda Falwaya ya saba tsayawa, ya zura ba tare da wahala ba. Suka wuce mu da ɗaya. Muka ɗauko ƙwallo, ta zaga ta zo hannun Tabarau. Bai ruɗe ba, ya duba kusurwa ya miƙa ta tsaf ga wanda ya fi kowa iya jifa. Yaron ya jefa. Ta zagaya bakin kwando sau ɗaya ta faɗo waje, kuma babu dogon da zai tura ta ciki. Aka busa tashi.

Ina tattara rigunan gumi a jaka a barandar ɗakin canza kaya sai ga Darakta ya sauko, fuskarsa a murtuke. Ya tare Yaya a gabana, ko kallona bai yi ba.

Ya ce, "Na ga komai da idona. Tawaye ne. Kai ka yi daidai, ba ka yi niyyar sa shi ba, kowa ya gani. Ka rubuto mini cewa sun ƙi bin umarninka, in kai su gaban kwamitin ladabtarwa, a janye tallafin karatun dogon nan. Kai kuma in ba ka wata shekarar."

Allah ya gani, addu'a nake yi Yaya ya ce to. Gaskiya ce ai, ba ƙage za a yi wa kowa ba. Na tuna gidan nan mai famfo, na tuna yaran da suka fara sabawa da makaranta.

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ba su yi tawaye ba. Ni na ba su umarni."

"Kai ka ce su cire takalma?"

"Ni ne."

"Koci, ka san abin da maganar nan take nufi?"

"Na sani, ranka ya daɗe. In akwai takardar da za a rubuta, da sunana za a rubuta ta."

Darakta ya juya ya tafi. Yaya ya tura ƙofar ɗakin ya shiga, ni kuma na tsaya daga bakin ƙofa. Yaran suna zaune jugum, wasu sun rufe kai da tawul. Ya ce Tabarau ya tashi. Da ya ga sai ya ɗaga kai kafin su haɗa ido, sai ya taka benci ya hau, a gaban kowa.

Ya ce, "Ka yafe mini. Da an bar ni, yau ba zan sa ka ba."

Tabarau ya cire gilashinsa yana gogewa da riga ya ce, "Na sani, Koci. Ni ma da ni ne kai, ba zan sa ni ba."

Wani ya tuntsire da dariya, wani ya fashe da kuka, ɗakin ya hargitse. Na ja ƙofar na bar su.

Darakta mutum ne mai cika magana, a ƙarshen zangon karatu takardar sallama ta zo. Ba a taɓa ko ɗaya daga cikin yaran ba. Falwaya ya gama karatunsa lafiya, Tabarau yanzu yana da kantin magani. Iyalin Yaya kuwa a gidana suka sauka, wata huɗu muna cushe a ɗaki biyu, yara suna kwana tsakanin keken ɗinki da buhunan yadi. Ba zan ce na yi haƙuri kullum ba. Akwai safiyar da na ajiye masa shayi da ƙarfi har ya zube, na ce ya sha da dokarsa.

Daga baya wata kwalejin horon malamai a wani gari ta neme shi. Ba ta kai jami'a suna ba, zaurenta ma rufin kwano ne mai yoyo. Shekararsa takwas ke nan a can, ya ci musu kofi biyu, kuma ɗalibansa sun bazu makarantun sakandare suna horar da yara. Idan na je kallon wasa na ga wani matashin koci ya waiwaya ƙarshen bencinsa ya yafito wani, ba sai na tambayi wanda ya koyar da shi ba. Ina alfahari da yayana, kuma na fi yin alfaharin da ranar da aka ci shi fiye da duk ranakun da ya ci.

Amma a lokacin ban kai nan ba. Ranar da muka je kwashe kayan ofishinsa na jami'a, da hantsi, ina cusa takardu a kwali ina huci, abin ya ƙi zama a cikina.

Na ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, ƙarya ka yi wa mutumin nan. Ina bayanka a zaune, ba ka ce wa yaran nan komai ba."

Ya ci gaba da naɗe wata tsohuwar raga a hannunsa, sai da ya gama ya ce, "Auta, shekara goma sha biyar ina ba da umarnin nan, safe da yamma. Ranar nan ce kaɗai bakina ya mutu, su kuma ba su jira ni ba."

Na juya masa baya don kada ya ga idona. Na ce tunda yanzu bakin ya dawo, sai ya sa hannu ma ya ɗauki babban kwalin da kansa.